Na Je Kano Neman Kwali

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta bayan la'asar a tambaye ni, har waɗanda na koyar tun suna aji ɗaya sai su tsayar da babur su ce, "Mushe, yaya Kano?" Kullum amsata ɗaya ce, Kano lafiya. To ba duka ne lafiya ba, kuma na gaji da wannan amsar. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda tafiyar ta kasance, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Abdu. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a makarantun ƙauyukan Matamaye, da na ajiye aiki sai na koma lambun mahaifinmu da ke bakin fadama. Fangali talatin da biyu ne da rijiya ɗaya. Wannan lambun shi ke riƙe da gida biyu, nawa da na ƙanena Sale, wanda ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya huɗu a hannuna, shi yana aiki a wani kamfanin kwali a Sharada, can Kano.

Abin da ya ci ƙarfina a lambun nan aya-aya ce. Wanda bai yi lambu ba ba zai gane ba. Ka nome ta yau, jibi ta fito kore shar kamar ban ruwa ka yi mata. 'Ya'yanta suna can ƙasa a jere da juna, idan ka tsinke ɗaya biyar ne za su farka. Bayana kuma ya riga ya ƙi sunkuyo. Bara na yi kwana goma sha ɗaya a kwance, da na tashi na tarar ciyawa ta shanye albasar.

Da Sale ya zo Babbar Sallah ya ga halin da nake ciki, sai ya ce, "Yaya, ku daina kashe kanku da fartanya. Ni a bayan kamfaninmu ina da ɗan fili, ban taɓa nome shi ba. Jarida nake jiƙawa in shimfiɗa, in ɗora kwali a kai, in zuba taki. Sai in huda in dasa. Ciyawa ba ta ganin rana, can ƙasa take mutuwa." Na yi dariya, na ce wannan noman 'yan birni ne. Ya rantse mini, ya ce kafin damina ta ƙare zai aiko mini da kwalin da kamfani ya zubar, mota guda.

Damina ta yi nisa ban ga kwali ba. Wayarsa ma ta daina shiga. Lokacin dashe yana matsowa, na san idan ban shawo kan ciyawar nan bana ba, sai dai in sallama lambun ga masu ƙarfi. Na ce wa Rabi zan je in ga dabarar da idona, in taho da kayan, in kuma ja wa mijinta kunne a kan waya. Ta ƙulla mini kuka da daddawa a leda ta ce in kai masa.

Na shiga mota da sassafe. A kan iyaka a Ɗan Barto, 'yan duwan ɗinmu, wato kwastan, ba su tsayar da ni ba, ɗaya ma ɗalibina ne. Da muka tsallaka Kwangwalam wani jami'i ya karɓi takardata ya ce, "Baba, me za a je yi Kano?"

Na ce, "Kwali zan ɗauko."

"Kwalin me?"

"Kwali kawai. Wanda babu komai a ciki."

Ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ji. Na sake faɗa. Suka yi dariya, suka miƙo mini takardata, suka ce Allah Ya ba da sa'a.

Bayan Kazaure taya ta fashe, ta ajiyar kuma babu iska. Muka zauna a gindin darbejiya har azahar ta wuce, muna cin gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Ba mu shiga Kano ba sai da la'asar. Na tari adaidaita sahu na ce Sharada. Direban ya ce, "Fes nawa?" Ban gane ba. Ashe Sharadar kashi-kashi ce, kowane kashi ya kusa girman garinmu. Mutanen Kano Hausa suke yi, amma rabinta Turancin Ingila ne, ni kuma na Faransa na koya. Muka yi ta zagaye tsakanin dogayen katangu ina tambayar kamfanin kwali. Abin da na lura da shi, a kowace ƙofa uku, biyu a garƙame suke, tafasa ta yi tsawon mutum a gabansu.

Kamfanin su Sale yana cikin na garƙamen. Wani dattijo ne zaune a benci yana gadi, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, sunansa Malam Haruna, mutumin wajen Gumel. Na yi sallama na ce ni ne Mushe Abdu, yayan Sale. Ya rufe baki da hannu yana dariya.

"Malam, a garin nan kada ku sake kiran kanku haka. Mu mushe dabbar da ta mutu ba a yanka ba ce."

Na ce na sani, mu kuma haka muke kiran malamin boko, bakina ne ya saba. Na tambayi Sale. Dariyar ta tsaya.

"Ba ku sani ba ke nan. Ai an rufe tun kafin azumi. Wuta babu, man janareto ya fi ƙarfinsu, aka sallami kowa."

Na yi lissafi a raina. Ashe lokacin da Sale ya zo Sallah yana yi mini alkawarin mota guda, ya yi watanni ba shi da aiki.

Malam Haruna ya ce ya ji labarin Sale yana wajen Challawa. Sa'an nan ya ce, "Ku zo ku ga gonarsa."

Muka zagaya bayan katanga. Fili ne da bai fi ɗaki biyu ba. Kewaye da shi ciyawa har ƙugu, amma shi kansa fes, sai busassun karan barkono da tumatir a tsaye, tun da babu mai ban ruwa da rani. Na durƙusa da ƙyar na ɗaga gefen wani kwali da ya fara ruɓewa. Ƙasar baƙa ce, da danshi, ga tana nan tana motsi a ciki. Ga ciyawar nan a kwance, fara sol, ta yi ta neman hanya ta rasa. Wata shida babu wanda ya taɓa wurin. Na daɗe a durƙushe. Gaskiya Sale ya faɗa mini game da kwalin.

Malam Haruna ya ce, "Ni nake taya shi. Sai an ɓare salatif ɗin duka, da 'yan ƙarafan da ake maƙala kwalin da su. Mai sheƙi kamar an shafa masa mai ba a sawa, ruwa ba ya ratsa shi. Kuma kowane kwali ya hau kan ɗan'uwansa kamar taƙi ɗaya, in an bar kafa ta nan za ta fito."

Na ce, "Mu can gara ce da mu. Ba za ta cinye ba?"

"Za ta ci. Amma kafin ta gama shukarku ta yi inuwa. Abin da ta ci kuma ƙasa yake komawa."

Shi ya kwatanta mini gidan da Sale yake haya a Panshekara. Na isa gab da magariba. Sale ya saki ɗakin tun tuni. Wani mutum mai suna Idi, ɗan wajen Tanut, da ya ji irin Hausata sai ya riƙe jakata ya ce ba inda zan je. Su biyar ne a ɗaki ɗaya, katifa biyu. Masu aikin safe su tashi, masu aikin kwana su dawo su kwanta tun wurin bai huce ba. A gida baƙo da fura ake tarbarsa. Nan ruwan leda aka miƙo mini, sai garau-garau a kwano ɗaya, shinkafa da wake da mai da yaji mai yawa, muka sa hannu mu huɗu. Na ga yadda kowa yake jan hannunsa da wuri don ya bar mini, ni ma na ja nawa, aka bar loma uku a kwano kowa yana cewa ya ƙoshi.

Da safe Idi ya raka ni Challawa. Tun kafin mu ga kamfanonin fata warinsu ya tare mu. Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin katangu wani baƙi ne, wani shuɗi, wani kamar jini, duk suna gangarawa wajen kogi. Na ga mutane sun ja wannan ruwan suna shayar da latas da alayyafo, ganyen kuma ya yi kyau ƙwarai. Na tsaya ina kallo. Wani mai lambun ya ce, "Baba, mun san abin da kuke tunani. Wane ruwan muke da shi?" Na bi Idi muka wuce.

Mun kusa awa biyu muna tambaya. Can Idi ya taɓa kafaɗata ya nuna wani mutum da ke tura kura cike da kwalaye, ya sunkuyar da kai. Na ce ba shi ba ne, Sale mai jiki ne. Mutumin ya ɗago. Shi ne.

Ya saki kurar ta tafi da kanta ta daki katanga. Ya durƙusa a tsakiyar hanya ya gaishe ni kamar yadda muke yi a gida. Na miƙa masa hannu, ya ɓoye nasa a bayansa. Na kamo su da ƙarfi. Fatar ta tsattsage tun daga yatsu har wuyan hannu, wani wurin ya bushe, wani yana ruwa.

Muka zauna a inuwar wata rumfa. Ya ce da aka rufe kamfani ya shiga aikin yini a wajen masu fata. Kullum da safe a taru a ƙofa, fomen ya nuna wanda yake so. Aikinsa tsamo fatu daga ruwan magani, babu safar hannu. Da hannun ya lalace, tari kuma ya kama shi, aka daina nuna shi. Ya sayar da wayar. Yanzu kwali yake tsinta ya kai wa wani mai sikeli, a rumfar mutumin yake kwana.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini ranar Sallah?"

"Me zan ce, Yaya? Shekara goma sha tara ana cewa Sale na Kano. Na ga bayanku, na ga yaran. Sai na ce bari in faɗi abin da zai sa ku ji sanyi."

Na ba shi ƙullin Rabi. Ya kwance, ya sansana daddawar, ya ɗaure. Bai tambayi kowa ba sai da aka jima, sa'an nan ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

A nan na gane wautar tafiyata. Na zo da tunanin kwali shara ne a Kano, sai dai mutum ya kwasa. Da can haka ne, in ji Sale. Yanzu kwali kaya ne. Ana auna shi a sikeli, a loda a manyan motoci a kai inda ake niƙa shi a yi kiret ɗin ƙwai. Mutane har faɗa suke yi a kan juji saboda shi. Jarida kuwa ta zama abin nema, kowa a waya yake karanta labari, ɗan abin da ake bugawa masu tsire da masu ƙosai sun riga kowa. Mun tambayi wani mai tsire, ya nuna mana abin da yake naɗe nama da shi. Tsofaffin takardun jarrabawar 'yan makaranta ne.

Sale ya ce akwai wuri ɗaya da ya rage. Wani da suka yi aiki tare yanzu shi ke riƙe da sito a wani kamfanin biskit a Bompai. Washegari muka ratsa garin tun daga wannan gefe har wancan, adaidaita uku. Bompai ta fi tsufa, itatuwanta manya, amma labarin ɗaya ne. Wasu kamfanonin an mai da su ɗakunan ajiyar kaya, wasu jemagu ne a ciki. Masu gadi suka ce mu jira. Muka jira tun hantsi. Muka yi azahar a gefen titi, muka ci gurasa da ƙuli, Sale yana tari yana juya mini baya. Sai bayan la'asar mutumin ya fito. Ya ga Sale, ya ga hannunsa, ya kau da kai. Ya koma ciki, na ɗauka shi ke nan. Can sai aka buɗe ƙaramar ƙofa, aka fara turo kwalaye, sababbi, waɗanda aka yi kuskuren rubutu a jikinsu. A ƙarshe ya fito da kansa da damin tsofaffin jaridu da ya kwaso daga ofishin manaja.

Ya ce, "Ku kwashe da sauri. Akwai mai sayensu, zan ce ruwa ne ya ɓata su."

Muka ja su gindin wata bishiya. Sale ya zauna ya fara ɓare salatif da waɗannan yatsun. Na ce ya bari ni zan yi a gida. Ya ƙi. Ya ce idan na ga yawan aikin zan yi ha'inci in bar wasu. Ina kallo jini yana ɗan fitowa yana shafawa a wando. Na san da ya kai wannan tulin wajen mai sikeli da ya ci abincin mako biyu. Yana yi yana mini bayani.

"Aya-aya ba kamar sauran ba ce, Yaya, tana da tsini. Jarida ita kaɗai huda ta take yi. Ku sa jarida kamar takwas a ƙasa, a jiƙe, sa'an nan kwali biyu a kai. Kada ku riƙa ɗagawa kuna leƙe. Na san halinku."

Dami biyar muka ɗaura. Na bari sai da muka gama, sa'an nan na ce, "Gobe tare za mu tafi."

Ya sunkuyar da kai yana duban hannunsa.

Na ce, "Lambun na mu biyu ne. Ni baya, kai hannu, mu haɗa mu zama mutum ɗaya. A gida akwai mai duba ka."

"In shiga garin da me? Da wannan rigar?"

"Da ita ka shiga. Wa zai kore ka?"

"Ana cewa za a buɗe kamfaninmu idan wuta ta gyaru. Wanda yake kusa shi za a fara ɗauka. Ku ba ni zuwa bayan girbi."

Na yi masa faɗa, na roƙe shi, har na ambaci mahaifiyarmu da ke kabari. Yana durƙushe yana cewa, "Ku yi haƙuri, Yaya." Ban taɓa jin tsufa ya kama ni kamar wannan yammacin ba. Na yi shekara talatin ina sa 'ya'yan mutane su yi abin da na ce, na kasa ɗaga ƙanena daga gindin bishiya.

Da safe ya raka ni tasha. Direba ya ce dami uku kawai zai ɗauka, saman motar buhuna ne. Biyun na bar wa Sale na ce ya sayar. Shi ya hau ya ɗaure ukun da kansa. Na cire layina na ba shi ƙaramar wayata, na ce ya sa nasa. Ya karɓa da hannu biyu. Da motar ta tashi na waiga, ya riga ya ɗora dami ɗaya a ka ya juya.

Bayan Daura hadari ya haɗo. Tamfol ɗin direba buhunan ya rufe, kwalina yana waje. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina zaune a ciki ina jin sa a kan rufin motar. A kan iyaka aka ce a sauke a kwance a gani, aikinsu ne. Da aka kwance igiya na saman suka narke a hannuna kamar burodi a shayi. Jami'in nan da ya yi mini dariya da zuwa yana wurin. Wannan karon bai yi ba, shi ya taya ni tsince masu sauran ƙwari.

Abin da ya iso gida fangali biyar ya rufe. Na yi yadda aka ce, jarida a ƙasa, kwali biyu, taki a kai, na huda na dasa tumatir da barkono. Yau sati bakwai. Awaki sun ja gefe ɗaya, gara ta fara aikinta, aya-aya ta leƙo ta inda na bar kafa. Amma fangali biyar ɗin nan ban kai musu fartanya ba ko sau ɗaya, kuma ban ruwa sau biyu a mako ya ishe su. Ga masu tambaya ko dabarar tana yi, tana yi. Sai dai a duk garinmu, idan ka bi kantuna ɗaya bayan ɗaya, ba za ka tara kwalin fangali biyu ba, masu shi ma suna da abin yi da shi. Fangali ashirin na ba 'ya'yan maƙwabcina su noma mu raba. Bakwai suna nan ciyawa ta rufe. Sale ya kira sau biyu a makon farko, tun daga nan wayar a kashe take.

Rabi kuwa na gaya mata mijinta yana lafiya, ya canja aiki ne, yanzu harkar kwali yake yi, bayan girbi zai zo. Ban yi ƙarya da yawa ba. Ta ce to, Allah Ya kai mu.

Shekaranjiya ta kawo mini abinci lambu, abin da ba ta saba ba, yara take aikowa. Ta ajiye kwanon, ta tsaya tana kallon fangali biyar ɗin. Ta sunkuya ta taɓa gefen wani kwali, inda aka ɓare salatif, wurin da ɗan tabo mai duhu da ruwa bai wanke ba. Ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Yaya, na san mijina. Da yana da lafiya, da shi zai kawo waɗannan da kansa, ya tara mutane ya nuna musu yadda ake yi."

Na buɗe baki, ta ce, "Ku ci abincinku kada ya huce."

Ta ɗaura zanenta da kyau, ta ɗauki fartanyata, ta shiga fangali na shida ta fara noma.